Haƙƙin Makarantar Unguwa a Kan Wanda Ba Shi da Ɗa a Cikinta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ilimi haske ga bayinsa, ya sanya maƙwabtaka amana a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi makarantar gwamnati da ke cikin unguwarmu, wadda muka saba kira lakwal. Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, darekta yakan aiko da sanarwa masallaci cewa za a yi taro domin gyaran azuzuwa. Liman ya karanta bayan salla, mutane su watse. Ranar taro kuwa, sai a tarar da iyayen yara kaɗai, su ma ba duka ba. In aka tambayi sauran maƙwabta dalili, amsarsu guda ce: «Ni ba ni da ɗa a can.» Mai faɗin haka, ko dai dattijo ne da ƴaƴansa suka girma, ko saurayi da bai yi aure ba, ko wanda Allah bai ba haihuwa ba, ko mai hali da ya kai nasa makarantar kuɗi, ko wanda ya zaɓa wa nasa madarasa ko makarantar allo. Tambayar da muke son amsawa ita ce: shin wannan magana uzuri ce karɓaɓɓiya a shari'a, ko kuwa akwai haƙƙin da ya rage a wuyan mai faɗinta?

Halin da makarantun suke ciki

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Yara suna ƙaruwa fiye da yadda ake gina azuzuwa, shi ya sa ake kafa rumfunan zana domin a samu inda za a zaunar da su. Kowa ya san halin ajin zana: iskar hunturu ta cika shi da ƙura, ruwan farko ya rushe shi, awaki su ci gefensa, kuma kowace shekara sai an sake saye an sake ɗaurawa.

Mafi muni shi ne wuta. Ranar 13 ga Afrilu 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta birnin Yamai, yara kusan 20 suka rasu, mafi yawansu ƙanana. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, irin wannan musiba ta auku a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sanya su masu ceton iyayensu. A ranakun nan babu wanda ya tsaya tambayar ko ɗan wa ke ciki kafin ya ruga da bokitin ruwa, kuma gari duka ya yi makoki. Abin da zuciya ta gane a ranar wuta, shi muke so hankali ya gane tun kafin wuta ta tashi.

Mas'ala ta farko: makaranta maƙwabciya ce

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, Allah Ta'ala ya jera waɗanda ya yi umarni a kyautata musu bayan iyaye, ya ambaci marayu da miskinai, ya ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha da Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya game da maƙwabci, har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci rabon gado. Game da iyakar maƙwabtaka kuwa, an ruwaito daga Hasanul Basri cewa gida arba'in ne ta kowace fuska.

To, mu ƙirga gida arba'in daga ƙofar masallacinmu, gabas da yamma, kudu da arewa. A mafi yawan unguwanninmu makarantar za ta faɗo ciki. Yaran da ke zaune a cikinta tun safe har rana ta take, ƴaƴan maƙwabtanmu ne, a cikinsu akwai marayu, akwai ƴaƴan miskinai. Aya guda ta tattara su ta fuska uku: maraici, da talauci, da maƙwabtaka. Kuma ba ta gindaya sharaɗin cewa sai maƙwabcin ya zama ɗan cikinka ba. Da haihuwa ce sharaɗi, da babu amfanin ambaton maƙwabci dabam da dangi.

Mas'ala ta biyu: wannan ilimi farilla ce ta kifaya

Farilla iri biyu ce. Akwai farillar aini, wadda ta hau kan kowane baligi shi da kansa, kamar salla. Akwai farillar kifaya, wadda ta hau kan jama'a duka: in wasu suka tsaya da ita yadda ta wadatar, nauyi ya sauka daga kan sauran, in kuwa ba ta wadatu ba, laifi ya hau kan duk wanda yake da iko bai yi ba. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar da malamanmu suke karantarwa a zaure, ya lissafa sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, da kuma tunkuɗe cuta daga Musulmi, a cikin farillan kifaya, tare da alƙalanci da limanci da shirya mamaci. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa ilimin likitanci da na lissafi farillan kifaya ne, domin jiki ba ya zama lafiya sai da na farko, ciniki da rabon gado ba sa daidaita sai da na biyu.

A ƙasarmu, likita da ungozoma da mai haɗa magani da injiniyan ruwa da malamin gona, dukansu sun fara ne daga ajin farko na firamare, suka yi shekara shida, sannan suka wuce gaba. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Muna kuka cewa matanmu suna zuwa gidan likita ba su tarar da mace da za ta duba su ba. Macen nan da muke nema, yau tana zaune a ƙasa cikin rumfar zana, ba ta da littafi.

Mu lura da misalin jana'iza, wadda ita ma farillar kifaya ce. Babu wanda ya taɓa cewa ba zai sallaci mamaci ba don ba ɗan'uwansa ba ne. Baƙo ya rasu a unguwa, sai a haɗa kuɗin likkafani, samari su haƙa kabari, liman ya yi salla. Mun fahimci wannan hukunci sarai game da matattu, saura mu fahimce shi game da rayayyu.

Mas'ala ta uku: abin da magabata suka aikata

Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an kama fursunoni daga cikin Ƙuraishawa, kuma kuɗin fansar mutum guda yakan kai dirhami 4,000. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wasu daga cikinsu ba su da abin fansa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya fansarsu ta zama koya wa ƴaƴan mutanen Madina rubutu. Malaman tarihi sun ambaci cewa kowane ɗaya yara goma aka ba shi. Akwai darasi biyu a nan. Na farko, abin da aka koyar rubutu ne, masu koyarwar kuma ba Musulmi ba ne a lokacin, amma hakan bai hana a karɓi ilimin daga hannunsu ba. Na biyu, amfanin fursuna haƙƙin jama'a ne duka, sai aka juya shi zuwa ga karatun yara, kuma ba a ruwaito cewa wani sahabi ya tashi ya ce shi ba shi da ɗa a cikinsu ba.

Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ba ta haihu ba. Duk da haka ɗakinta ya zama makaranta. Ta reni Alƙasim ɗan ɗan'uwanta Muhammadu bayan ya zama maraya, ta karantar da Urwatu ɗan ƴar'uwarta Asma'u, su biyun suka shiga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 bayan hijira, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, amma babu garin da za ka shiga a ƙasar Hausa ba ka tarar da yaro yana haddace Arba'una Hadisi ba. Littafin Risala da muke karantawa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya rubuta shi ne bisa roƙon wani malamin yara, domin a koyar da ƴaƴan mutane.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa, in ban da abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Ya kai wanda Allah ya jarraba da rashin haihuwa, ka dubi rahamar Ubangijinka: ƙofa biyu daga cikin ukun nan a buɗe suke gare ka, kuma dukansu suna cikin makarantar da kake wucewa kullum. Ajin da ka gina sadaka ce mai gudana, karatun da aka yi a cikinsa ilimi ne mai amfani. Yaron da ka saya wa littafi kuma, in ya girma, bakinsa ba zai manta da kai a addu'a ba.

Uzurorin da ake kawowa da amsarsu

Wani yakan ce: «Makarantar ta gwamnati ce, gwamnati ta gyara abinta.» Gaskiya ne cewa nauyin farko yana kan hukuma. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta tabbatar da cewa ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma wajibi ne jama'a su riƙa tunatar da hukuma wannan alkawari ta hanyar da ta dace. Sai dai ita dokar ta sanya ƙananan hukumomi da iyalai da sauran jama'a cikin masu ɗaukar nauyin makaranta. Shi ya sa aka kafa kwamitocin kula da makarantu da aka sani da COGES, waɗanda aka gwada tsarinsu na zaɓe a jihar Tawa tun daga 2004, aka kuma sauya musu suna zuwa CGDES a 2012. Babban taron da kwamitin yake kira na mutanen unguwa ne. Kuma a shari'a, gazawar wanda nauyi ya fara hawa kansa ba ta sauke farillar kifaya daga kan sauran masu iko. In katangar maƙwabcinka ta tsage za ta faɗa kan yara, ba ka jira sai mai gida ya dawo daga tafiya.

Wani yakan ce: «Nawa ƴaƴan suna makarantar kuɗi.» Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so huda jirgin domin su ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su, duka za su nutse. Unguwa jirgi guda ce. Ɗanka da yamma a titi guda yake wasa da yaron da aka kora don ba shi da kaye. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara goma, ba karatun allo ba sana'a, bayan shekara biyar a ƙofar gidanka zai kafa zama, kuma tsawon katangarka ba zai raba ku ba.

Wani yakan ce: «Lakwal tana ɓata tarbiyya.» Wannan tsoro yana da asali, domin iyayenmu sun ga makarantar da mai mulkin mallaka ya kawo, suka ƙi ta saboda kishin addini. Amma tun 1957 aka buɗe madarasar farko ta Faransanci da Larabci a garin Sayi, kuma tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram. Malaman da ke cikin azuzuwan nan yau ƴaƴanmu ne, sahu guda muke tsayawa da su. In akwai abin da muke ƙi a makarantar, gyaransa yana hannun wanda ya halarci taro ya yi magana. Wanda ya ƙaurace ya bar wa wasu wurinsa. Kuma babu wanda ya ce a bar makarantar allo: yaro ya yi allonsa da asuba da dare, ya yi lakwal da hantsi, kamar yadda da yawa suke yi.

Wani yakan ce: «Kuɗin da ake tarawa cinye su ake yi.» Inda hakan ta faru, cin amana ne, kuma wanda ya ci dukiyar yara zai amsa a gaban Allah. Maganinsa shi ne mutanen kirki su shigo, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a bainar jama'a. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Dattijon da ba shi da ɗa a makarantar ya fi kowa dacewa da duba lissafi, domin ba ya neman alfarmar kowa, ba ya kuma tsoron a huce a kan ɗansa.

Hukuncin zakka a wannan aiki

Ana yawan tambayarmu ko ya halatta a gina aji da kuɗin zakka. A mazhabar Imamu Malik, zakka tana da masu cinta guda takwas waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma ba a gina masallaci ko makaranta ko katanga da ita. Gini da gyara daga sadakar ganin dama da waƙafi suke fitowa, kamar yadda Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Umar ɗan Haɗɗabi kuma ya yi waƙafi da gonarsa ta Haibara. Amma ya halatta a ba matalaucin uba ko mai riƙon maraya zakka a hannunsa, shi kuma ya saya wa yaro tufafi da kayan karatu. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi ya kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna da kusancin yatsa manuniya da ta tsakiya.

Abin da kowa zai iya yi

Taimako bai tsaya ga kuɗi ba. Dattijo mai zama a ƙofar gida, in ya ga yaro yana yawo da jakarsa a lokacin karatu, ya kira shi ya tambaye shi, ya maida shi. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya tara yara biyar ko goma bayan la'asar ya sake bi musu karatu da lissafi. Magini da kafinta da maƙeri su ba da yini guda a shekara, domin teburan da suka karye da yawa ƙusa kaɗai suke jira. Samarin fada su ɗauki sharar fili da dashen itatuwa da ban ruwansu, kamar yadda Samariya ta yi aikin gayya ta gina azuzuwa a zamanin Seyni Kunce. Mata masu asusu su tuna da makewayin ƴan mata, domin rashinsa yana cikin abin da ke sa yarinya ta daina zuwa in ta fara girma. Maƙwabcin da yake da famfo ya cika randunan makaranta. Mai sayar da abinci ta nisanta murhunta daga zana. Mai kabu-kabu ya rage gudu a ƙofar makaranta. Wanda gidansa yake jikin filin ya kiyaye shi, kada ya zuba shara ko ruwan wanka a ciki, kada ya ci ko taƙi guda na filin, domin cin ƙasar jama'a zalunci ne mai nauyi. Malamin da aka turo daga nesa kuma baƙonmu ne, a sama masa masauki, a girmama shi a gaban yara.

Game da kuɗi, ga misali domin mu ga ƙarfin haɗuwa. A ce unguwa tana da gida 300, kowane gida ya ba da dala ɗari, wato tamma 500, a kowane wata, har wata 9 na shekarar karatu. Abin da zai taru shi ne tamma 1,350,000. Dala ɗari ba ta kai abin da wasunmu suke kashewa a shayi da goro na yini biyu ba. In iyayen yara kaɗai aka bar wa nauyin, kuma su ne sau da yawa mafi ƙarancin hali, rabin wannan ma ba zai samu ba. In aka dawwama shekara bayan shekara, sai a wayi gari zana ta koma bulo, aji bayan aji. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna kira ga ƴan'uwanmu limamai da su daina karanta sanarwar makaranta a gurguje mutane suna neman takalma. A karanta ta a natse, a faɗi rana da lokaci, liman da mai unguwa su riga kowa zuwa. A nemi kwamiti ya kawo lissafinsa sau biyu a shekara a karanta a ƙofar masallaci. A kuma zaɓi mutum biyu amintattu daga cikin waɗanda ba su da yara a makarantar, su zagaya azuzuwa kafin a koma hutu da bayan an dawo, su duba zana da hanyar fita da ruwan sha, su kawo wa jama'a labarin abin da suka gani.

Allah Ta'ala ya umarce mu a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da taimakon juna a kan aikin alheri da taƙawa. Duk wanda ya karanta wannan darasi, muna roƙonsa ya isar da shi ga wanda bai iya karatu ba, kuma idan aka kira taro na gaba ya je, ko da abin da zai kai bai wuce kunnensa da shawararsa ba.

Ya Allah ka shirya mana zuriyarmu da zuriyar maƙwabtanmu, ka tsare su daga wuta da jahilci da miyagun abokai. Ka ba wanda bai samu haihuwa ba zuriya ta gari, ka sanya abin da ya ciyar ya zama haske a kabarinsa. Ka saka wa malamanmu da alheri, ka ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.